Layar Baba Tsoho: Tsakanin Burmi Da Kumasi

Mai karatu, yau ka yi mini haƙuri in shiga da kai cikin gidanmu, domin abin da zan ba ka labari a zauren da na tashi ya samo asali, ko da yake ina kyautata zaton in ka tona da kyau za ka tarar da irinsa a naku gidan.

Duk yaron da ya tashi a gidanmu da ke Tudun Wadan Dankadai, kafin ya haddace Fatiha ya riga ya haddace labari guda, wato cewa mahaifin kakanmu ya yi shahada a Burmi. Shi kakan namu, wanda muke kira Baba Tsoho, bai san mahaifinsa ba ko a mafarki. An haife shi a wani ɗan ƙauye na ƙasar Bebeji, yana goye aka yi zuwan Turawa, uban ya fita bai sake dawowa ba. Mahaifiyarsa, Iya, ta ɗauko shi ta dawo wurin danginta a Tudun Wada, bayan wasu shekaru ta sake aure, ta haifi 'ya'ya huɗu waɗanda zuriyarsu ta ma fi tamu yawa a yau. Abin da Baba Tsoho ya gada ta wajen uba bai wuce abu biyu ba: wannan labari, da kuma wata laya ta jar fata da Iya ta rataya masa yana saurayi, ta ce kada ya kuskura ya rabu da ita. Bai kuwa rabu da ita ba har Allah ya karɓi ransa a 1987. Ina tunawa, lokacin ina ɗan ƙanƙane, in na kai hannu zan taɓa ta sai ya buge hannun yana dariya, ya ce, "Kai abokina, wannan ta fi ƙarfinka."

Labarin shahadar nan ba abin da hankali zai ƙi ba ne, ga duk wanda ya san abin da ya auku a wannan yanki. Rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu 1903 ta nufi Kano, kuma Bebeji ne gari na farko da ya rufe musu ƙofa. Suka saita igwa suka tarwatsa ƙofar, sarkin garin ya rasu a nan tare da wasu daga cikin manyansa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Ranar 15 ga Maris ita ma Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura niyyar hijira ya fuskanci gabas. Ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, talakawa da malamai suna barin gonakinsu da makarantunsu suna bin sa, har aka cim masa a Burmi, kusa da Bajoga cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. To ka ga, mutumin da ya ɓace daga ƙasar Bebeji a wannan shekara, in aka ce gabas ya yi, wa zai musa?

Saboda haka ni ma da na girma, sha'awar tarihi ta kama ni, gabas na fuskanta. Na fara da neman kufan ƙauyen, sai na tarar ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya shanye shi tuntuni, mutanensa sun warwatsu. Daga nan wani abokina da ya yi karatu a Khartoum ya haɗa ni da wani malamin makaranta ɗan asalin Mai Wurno. Bawan Allah nan bai taɓa gani na ba, ban taɓa ba shi ko sisi ba, amma ya shafe watanni yana bin tsofaffin garinsu gida gida da sunan kakan mahaifina da sunan ubansa, ko wani zai ce ya taɓa jin Bakano mutumin Bebeji mai wannan suna. Babu. A ƙarshe ya lallashe ni da cewa waɗanda suka kwanta a Burmi ba wanda ya tsaya rubuta sunayensu, don haka rashin samun sa a Sudan ma ƙarin hujja ce cewa can ya kwanta. Na karɓi wannan magana hannu bibbiyu, domin ita nake son ji. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 lambarsa ta daina shiga. Allah ya sa yana raye cikin aminci, shi da iyalinsa.

Da a nan maganar ta tsaya, in ba don Gwaggo, babbar 'yar Baba Tsoho, ta rasu a 2019 ba. Cikin tarkacen da aka fito da shi daga adakarta sai ga layar nan, aka ce a ba ni tun da ni ne mai son tsofaffin kaya. Na kawo ta Kano na jefa a aljihun tebur na manta. Sai a watan Afrilu 2020, lokacin kullen korona, zaman gida ya ishe ni ina 'yan kintse-kintse, na ci karo da ita. Fatar ta bushe ta tsage ta gefe guda, bakin takarda ya leƙo. Kai ma ka sani, mu a wurinmu ba a buɗe laya, ana cewa in an buɗe ta karye. Na kwana biyu ina kai gwauro ina kai mari, sannan na yi bisimilla na warware ɗinkin. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Babu hatimi, babu aya ko ɗaya bayan Bisimilla ta farko. Takarda ce mai layi irin ta littafin lissafin kanti, an cika ta gaba da baya da rubutun ajami. Ashe wasiƙa ce.

Gumi da shekaru sun cinye tawadar a wurare da dama, musamman kan ninki. Wani malami maƙwabcina ya iya tsinto gaisuwa, da sunan Iya, da sunan Baba Tsoho, da kalmar jirgi har sau uku, sai kuma wani suna da abin da ya rage a cikinsa haruffa huɗu ne: sin, kaf, nun, dal. Malam ya yi shiru, can ya ce wannan ai Iskandariyya ce ta ƙasar Masar. Nan take na kira Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Murna ta kama shi, ya ce to alhamdu lillahi, ashe tsohon bai kwanta a Burmi ba, ya tsira har ya kama hanyar Makka. An rasa shahidi an samu alhaji, ba a yi asara ba.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don fiye da rabin wasiƙar ba a karanta ba. Wani ɗalibina na da ya ba ni shawarar in aika hotonta ga wani malami ɗan ƙasarmu da ke aikin adana rubuce-rubucen ajami a wata jami'a a Amurka. Abin da ya fara koya mini shi ne yadda ake ɗaukar hoton tsohuwar takarda: a shimfiɗa ta kan baƙin ƙyalle, a haska fitila daga gefe yadda sawun alƙalami zai fito ko da tawada ta goge, a kuma ɗauki kowane ninki daban. Na yi haka na aika. Bayan mako uku ya kira ni da tsakar dare, ya manta da bambancin lokaci, ya ce, "Malam, ka zauna tukuna." Ya ce jiragen nan uku a jere suke, kuma kwatancen hanya ne. Jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, jirgin ruwa daga Ikko zuwa garin nan mai haruffa huɗu, sannan jirgin ƙasa daga nan zuwa wani gari da ya fito ƙarara a ƙarƙashin hasken fitila: Kumasi. Sin, kaf, nun, dal ɗin nan Sekondi ce, tashar jirgin ruwa ta ƙasar da ake kira Ghana a yau, wadda layin dogo ya haɗa ta da Kumasi tun 1903. Ya ƙara da cewa tun da dogo bai iso Kano ba sai 1911, lalle an rubuta wasiƙar bayan wannan shekara. Wato shekara takwas ko fiye bayan Burmi, mutumin da muke yi wa addu'ar shahidai yana raye, kuma yamma ya yi.

Kalma ɗaya ce ta gagare shi. Mai wasiƙar ya ce ya tsira daga tunkuyau, amma ta ɗauke masa 'ya'ya biyu. Sai ya tura wannan layi ga wata malama a Jami'ar Ghana da ke Legon, Bahaushiya haifaffiyar zangon Kumasi, wadda ta san tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar ta tattara tun shekarun 1960. Ita kuwa ko minti biyar ba ta yi ba ta ba da amsa. Ta ce tunkuyau ita ce annobar murar nan da ta game duniya a 1918, kuma shahararren malamin nan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, har waƙa ya rubuta a kanta. Ke nan an rubuta wasiƙar a wajajen 1919. Na yi lissafi da yatsu, na ga a lokacin Baba Tsoho yana da shekara goma sha bakwai ko kusa da haka, daidai lokacin da ya ce Iya ta rataya masa laya. Ka duba ikon Allah, wasiƙar da aka rubuta bayan wata annoba, sai da wata annobar ta kulle ni a ɗaki bayan shekara ɗari sannan aka buɗe ta.

Da su biyun suka haɗa kai, sai kusan duk wasiƙar ta fito. Mutumin yana gaida Iya yana neman gafararta. Ya ce kayan da ya karɓa bashi a hannun wani attajiri sun salwanta a hargitsin da aka yi ranar da aka fasa Bebeji, kunya ta hana shi tsayawa, ya bi ayarin fatake da niyyar ya nemo abin biya ya dawo cikin shekara guda. Ya ce ga kuɗi nan ya aiko ta hannun mai kawo takarda, kashi ɗaya a kai wa magadan attajirin, kashi ɗaya nata ne. Sannan ya roƙe ta, don Allah don Annabi, ta haɗa yaron da wannan manzo ya kawo masa shi, ga kwatancen hanya nan, domin mutuwar 'ya'yansa biyu ta tuna masa da wanda ya bari a goye. Allah Sarki! Baba Tsoho ya yi shekara kusan saba'in yana yawo da kiran mahaifinsa rataye a wuya, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake karanta ajami kamar ruwa, amma bai taɓa sanin abin da ke ƙirjinsa ba.

Da na natsu sai na ga ai wautata ce da ban taɓa duban yamma ba. Ƙasar Bebeji da Madobi da Kura ƙasar fatake ce tun kafin zuwan Turawa. Daga nan Agalawa da Tokarawa da sauran 'yan kasuwa ke ɗora wa jakuna turkuɗi da kanwa da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, su sayo goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra, wadda fatakenmu ke kira Ankara. Shi kansa Alhassan Dantata a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma wannan hanya ya bi yana saurayi ya je wurin mahaifiyarsa a Accra, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka fara kawo goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci, ya fito a 1980, haka shi ma Mahdi Adamu ya yi bayanin bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a littafinsa na 1978. Duk na karanta su tun da daɗewa, amma ban taɓa kawo gidanmu a ciki ba, saboda labarin Burmi ya rufe mini ido. Mutumin Bebeji da bashi ya koro a 1903, hanyar Gwanja ce hanyar da ƙafarsa ta sani.

Malamar nan ta Legon ba ta tsaya nan ba. Da aka sassauta kulle ta je gida Kumasi hutu, ta ɗauki sunan mutumin da na ubansa ta shiga bin tsofaffin zango. Wani ladan ya tura ta wurin wani tsohon dillalin goro, shi kuma ya nuna mata wani gida da har yanzu ake yi wa laƙabi da sunan Bebeji. A nan ta sami wata tsohuwa mai kimanin shekara tamanin, wadda tun kafin a gama yi mata bayani ta faɗi sunan Baba Tsoho da bakinta. Ta ce ita ba ta riski kakan nata ba, ya rasu shekarar da aka yi girgizar ƙasa a Accra, wato 1939, amma mahaifinta ya sha gaya musu cewa suna da babban wa a ƙasar Kano, an aika a kawo shi har sau biyu, manzo ya dawo hannu rabbana. Sai kuma ta faɗi abin da ya fi komai sosa mini rai. A watan Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, mahaifinta da ƙaninsa suna cikin waɗanda aka koro, duk da cewa a Kumasi aka yanke musu cibi. Sun zo Kano, sun je har Bebeji suna cigiyar ɗan'uwansu, aka ce musu ai mai wannan suna ya daɗe da yin shahada a Burmi, iyalinsa kuwa ba a san inda suka yi ba. Suka juya. A ranar Baba Tsoho yana Tudun Wada da ransa da lafiyarsa, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba a mota ta Kwanar Dangora.

To, mai karatu, nan fa ake yin ta. Da na je gida na zayyana wa Baffa, sai ya murtuke fuska. Ya ce, "Yanzu kai abin da karatun naka ya amfana maka ke nan? Ka mai da kakanmu magudancin bashi, ka mai da Iya maƙaryaciya, ka kuma jefa shakka a kan auren da aka haifi rabin dangi a cikinsa?" Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ba ni na rubuta takardar ba." Ya ce ai ba a ce in buɗe ba. Wata uku ba ya amsa gaisuwata sai da ƙyar, kuma ban ga laifinsa ba.

Maganar auren ita na fara kai wa malamai, don ita ce mai nauyi. Suka ce a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, matar da mijinta ya ɓace tana jiran shekara huɗu bayan ta kai maganar gaban hukuma, sannan ta yi takaba, in ta yi wani aure har aka tare, to ko mijin farko ya bayyana auren na biyu yana nan daram. Iya kuwa ta daɗe fiye da haka kafin ta sake aure. Don haka babu ko ƙwayar zarra ta shakka a kan 'ya'yanta. Amma shari'a daban, bakin mutane daban. Ka sa kanka a matsayinta a 1919. Shekara goma sha shida ana girmama ta a matsayin matar shahidi, ɗanta ya tashi da kansa a ɗage, tana ɗakin wani mijin da ƙananan yara, kwatsam sai ga baƙo da takarda yana cewa mijinki na fari yana raye, ya yi wani aure, kuma ki ba ni ɗanki in tafi da shi bayan teku, ƙasar da annoba ta gama kashe masa biyu. Ba Iya ce ta ƙirƙiri labarin Burmi ba, mutanen gari ne suka yanke haka a 1903, ita ma ta yarda. Abin da ta yi kawai shi ne ta ƙi warware shi. Ta hana ɗa sanin ubansa, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ga murhu a gabanta kullum, amma ba ta ƙona takardar ba. Ta kai wa baduku ya ɗinke, ta rataya wa mai ita a wuya, ta ce kada ya rabu da ita. A nawa ganin, ta ba shi amanarsa ne ta hanyar da zuciyarta za ta iya ɗauka, ta bar wa Allah ranar buɗewa.

Shi ma tsohon na daina jin haushinsa. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma mutumin da ya tuna da bashi bayan shekara goma sha shida har ya aiko a biya magada, ba a kira shi maci amana ba. Ba shahidin Burmi ba ne, amma yana cikin dubban talakawan da zuwan Turawa ya tarwatsa wa rayuwa ba tare da harsashi ya taɓa su ba, waɗanda littattafan tarihi ba su da shafin da za su sa su.

Abin da hujjojina suka kasa yi, murya ce ta yi shi. Ranar wata Juma'a a 2021 malamar Legon ta kira ni ta bidiyo daga tsakar gidan nan na Kumasi, ni kuma ina zauren Baffa, na miƙa masa wayar ba tare da na ce komai ba. Tsohuwar ta ƙura masa ido, ta ce wannan goshin na babanta ne, ta fashe da kuka. Baffa ya yi ta maza na ɗan lokaci, can sai na ji ya ce, "Yaya, ina wuni, ya muka ji da haƙurin rashin juna?" Suka yi fiye da awa guda, ita da Hausarta ta zango, shi da Kanancinsa, suna lissafa matattu da rayayyu. Da azumi ya zo sai ga ɗan kwandon goro daga Kumasi ta hannun wani direba, Baffa kuma ya mayar da buhun shinkafar Tudun Wada. Yanzu shi ke matsa mini in nemo masa fasfo, wai zumunta a ƙafa take.

Mutum uku ne suka yi mini wannan aiki, ɗaya a Sudan, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ghana, ban taɓa musafaha da ko ɗayansu ba. Na Sudan ya rufe mini ƙofar da ba ta ɓullewa, na Amurka ya karanta abin da idonmu ya kasa, ta Ghana ta taka da ƙafarta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya saka musu da alheri. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ka jira sai an fito da adaka. Ka zauna ka tambaya, ka rubuta sunaye da garuruwa yadda aka faɗe su, ka riƙe abin da ake ƙirga shekara da shi, yunwa ce ko fara ko annoba, ka ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda kafin gara ta riga ka. In kuma abin da ka tarar ya saɓa wa abin da aka rene ka a kai, ka yi wa magabata uzuri, don ba ka ɗanɗani zamaninsu ba.

Wasiƙar tana nan a wurina cikin farar takarda mai tsabta, fatar kuma na mayar wa Baffa, ya ce a ajiye masa ita kusa da carbin Baba Tsoho. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan Baba Tsoho, ya jiƙan wanda ke kwance a maƙabartar Kumasi da waɗanda ke kwance a Burmi, ya kyautata namu zuwan. Wassalam.